Tsakuwa Bakwai a Cikin Kwalba

Shekara ashirin da shida ina gyaran mota, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa ɗaga murfin inji ba sai na yi wa mai motar tambayoyi uku. Yaushe take yin haka? Me ka zuba mata? Wa ya taɓa ta kafin ta zo hannuna? Wasu kan ƙosa, su ce ni bakanike ne ko ɗan sanda. Sai in ce musu mota ba ta ƙarya, mai ita ne ke ɓoye zance. Da waɗannan tambayoyi na yi suna a layinmu, har daga nesa ake turo mini motocin da suka gagari wasu.

To, ni ɗin nan ne na shafe wata bakwai 'yata na ciwo a gabana ban yi mata ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Ita ce 'yata ta uku, shekararta goma sha biyar. Lauya muke kiranta, tun ranar da tana 'yar shekara huɗu ta tsaya tsakar gida tana kare kyanwa a kan zargin shan madara, ga madarar nan fari fat a leɓenta ita. Ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. In an tashi makaranta gareji take biyowa, ta zauna a kan tsohuwar tayar da ke bakin ƙofa, ta yi ta musu da ni ina ƙarƙashin mota, daga kan farashin littafi har zuwa dalilin da ya sa ba na aske gemu. Nakan ce ta dame ni, amma duk garejin sun san in ƙarfe biyu ta wuce ba ta iso ba, ni ne mai leƙen titi.

Ciwon ya fara kamar wasa. Sai ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama ta durƙushe, ta ce yana harbawa har kafaɗa, wani lokaci da amai. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ta miƙe garau, ta ci gaba da surutunta. Mai kantin magani ya ce gyambon ciki ne, ya ba da farin ruwan nan mai kama da alli. Maƙwabciyarmu ta ce tsutsar ciki ce. Ƙanwata ta ce girma ne, duk 'yan mata haka suke. Kowa ya zama likita, aka sha wannan aka sha wancan, ciwo yana nan inda yake.

Ni kuma na gano nawa. Na lura abin ya fi zuwa da safiyar Talata da Alhamis. Na ɗauko jadawalin darussanta da ke manne a bayan ƙofa, sai ga shi ɓaro-ɓaro, Talata da Alhamis lissafi ne darasin farko, kuma kowa ya san Lauya da lissafi ba sa ga maciji. Na yi dariya har da buga cinya, na raɗa wa cutar suna ciwon lissafi.

Uwarta ba ta yarda ba. Ita ta matsa har aka je asibiti, likita ta rubuta a yi hoton ciki, ta ce kada yarinya ta ci komai da safen ranar. Ranar ta faɗo Alhamis, uwarta tana da aikin safe a masaƙa, ni kuma ga mota a buɗe, sai mahaifiyata, wadda yara ke kira Kaka, ta raka ta. Suka dawo da takarda. Mai hoton ya ce bai ga abin da yake nema da kyau ba, a koma wurin likita. Rabin farko na maganar kawai kunnena ya ɗauka.

"To, kin ji," na ce da ita a gaban kowa, muna cin abincin rana. "Na'ura ma ta duba ba ta ga komai ba. Ita ma za ki yi musu da ita? Daga yau kada in sake jin zancen ciwon nan a gidan nan."

Na jira ta taso mini da hujjoji. Sai ta ajiye cokali, ta ce, "To, Baba."

Kuma ban sake ji ba. Talata ta zo ta wuce, Alhamis ta wuce, yarinya na tafiya makaranta ba ƙorafi. Na riƙa cika baki cewa na yi maganin abin ba ko allura. Sai dai tayar bakin ƙofa ta zauna ba kowa, har ƙura ta rufe ta. A gida in na ce fari ne, sai ta ce haka ne, Baba. Rannan da gangan na ce kifi ma yana da ƙafa, don in ji bakinta. Ta ce, "Haka ne, Baba." Abin ya ci mini rai ƙwarai, amma girman kai ya hana ni tambaya.

Ana cikin haka aka yi hutun makaranta. Wata Talata da hantsi na koma gida ɗauko mabuɗin akwatin kayan aiki da na manta. Na zagaya bayan tankin ruwa inda nake rataye rigar aiki, sai na same ta a tsugune, ta cusa bakin ɗankwalinta a baki tana cizo don kada a ji ta, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin miƙewa.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Lissafi ne."

Makaranta tana rufe kwana goma ke nan. Ban san lokacin da na ɗauke ta cak ba, ni da rabona da ɗaukarta tun tana rarrafe. Kaka ta biyo mu asibiti da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Bayan an yi wa yarinya allura ciwon ya lafa, ta danna ƙasan haƙarƙarin ta ce ta ja numfashi, Lauya ta yanke numfashin a tsakiya ta runtse ido. Likita ta koma kujerarta ta ɗauki biro.

"'Yata, yaushe yake zuwa miki?"

"Ya fi zuwa Talata da Alhamis, da safe."

"Me kike ci kafin ya zo?"

Lauya ta saci kallon Kaka.

"To, bari wannan. Su wa da wa suka ba ki magani kafin ki zo nan?"

Ina zaune a gefe da baƙin mai a faratana, na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Tambayoyina ne, ukun nan cif, har jerinsu bai canza ba. Da safen ranar ma na yi wa wani mai tsohuwar motar ɗaukar kaya su, na saurare shi kusan rabin awa da haƙuri.

Likita ta koma kan tambaya ta biyu. Kaka ta gyara zama, ta ce ita fa ba ta son a riƙa kallonta haka. Talata da Alhamis uwar yarinya tana fita tun da sassafe, ita ke haɗa karin kumallo. Kuma ita ba za ta ga jikarta tana ramewa kamar tsinke ta ba ta ruwan shayi tsura ba. Ƙwai uku take soya mata a cikin bota, da dankali soyayye, ta shafe burodi da bota ciki da waje. Da ciwon ya tsananta ma sai ta ƙara ƙwai ɗaya, don yarinya ta samu ƙarfi.

"Ranar da aka yi hoton fa, Iya?" in ji likita. "An ce kada ta ci komai."

"Ai ba ta ci abinci ba. Haka na gaya wa mai hoton."

"Ko loma ɗaya?"

"Ƙwai biyu ne kawai, a tsaye ma ta ci, a bakin ƙofa. Likita, don Allah ƙwai biyu abinci ne?"

Likita ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Lauya ma dariya ta kama ta tana dafe da ciki. Ashe Kaka ce ta sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, ita kuwa ta riƙe alkawari har ya ja mata sunan maƙaryaciya.

Likita ta zana mana abin a bayan takarda. Ta ce akwai wata 'yar jaka a ƙarƙashin hanta, matsarmama, mai tara ruwan ɗaci da ke narkar da maiƙo. In mutum ya ci abu mai mai sai ta matse ta tura ruwan. In akwai tsakuwa a ciki, matsewar nan ce ke kawo azaba. Kuma in an ci abinci kafin hoto, jakar ta riga ta tsuke, ba a ganin cikinta sosai. Ta ce ba a cika samun haka ga masu shekarunta ba, shi ya sa ake yawan zagaye kafin a gano, amma ana samu. Sai ta nuna mini layin ƙarshe na tsohuwar takardar, inda mai hoton ya rubuta a maimaita.

"Ba a karanta muku wannan ba, Malam?"

Na ce an karanta.

Aka sa ranar sabon hoto. A wannan karon ni na tsaya da kaina. Tun jajibiri na ɗauke kaskon suyar Kaka na kulle a bayan mota, ta bi ni har ƙofa tana cewa ita ta haife ni, ba ni na haife ta ba. Da safe ta ce tunda an hana ƙawarta Lauya ci, ita ma ba za ta sa komai a baki ba, a gani in ba a kashe su su biyun ba. Haka muka tafi mu huɗu, har da uwarta da ta ɗauki hutun ranar, Kaka na ta mita a kujerar baya.

Mai hoton ya shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ya ɗora na'urar yana zagayawa a hankali. Ni ban ga komai a allon ba sai toka-toka da baƙi-baƙi. Can ya tsaya, ya ce ta juya gefen hagu, ya nuna da yatsa. Wasu 'yan farare ne suka gangara a cikin wani baƙin wuri mai siffar ƙwai, kowanne da inuwarsa a ƙasa.

"Ga su nan," ya ce.

Ban taɓa ganin wanda aka ce yana da cuta ya yi murna irin ta yarinyar nan ba. Ta ɗago kai tana washe baki, ta ce, "Mama, kin gani? Kaka, an gan su!" Uwarta tana hawaye tana dariya. Kaka ta ce ita tun farko ta san akwai abu a cikin nan. Ni kaɗai Lauya ba ta kira ba, kuma na san dalili.

Bayan sati uku aka yi mata aiki. 'Yan ƙananan huda huɗu aka yi aka cire jakar gaba ɗaya, kwana biyu aka sallamo ta. Kaka ta koyi dafa ƙwai a ruwa, tana yi tana ba ƙwan haƙuri.

Ni kuwa kullum ina shirya maganar da zan yi mata, in na zo gabanta sai in ɓige da tambayar ko ta sha magani. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, na sha gaya wa mutane haka, sai da abin ya zo kaina na ji nauyin gwiwa.

Ranar da ta koma makaranta, ƙarfe biyu da 'yan mintoci, ina ƙarƙashin wata mota sai na hango takalmanta. Ta karkaɗe ƙurar tayar da littafi ta zauna. Na turo kaina waje. Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar kwalba mai jan murfi, ta ɗora a kan teburin aikina tsakanin sufana da filaya. Tsakuwa bakwai ne a ciki, launin ƙasa-ƙasa, babbar cikinsu ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ashe roƙon likita ta yi a ba ta su.

"Shaida ta farko," ta ce, tana nuna tsakuwa ɗaya a ciki.

Na goge hannu da tsumma, na daɗe ina gogewa. Na ce, "Lauya, motar kowa ina tambaya kafin in yanke hukunci. Ke ban tambaye ki ba. Na ce kina ƙarya a gaban 'yan'uwanki, alhali gaskiya kike faɗa. Na yi kuskure, ki yafe mini."

Ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. Ta share da bayan hannu, ta gyara zama a kan taya.

"Ba a yafiya kafin a gama shari'a, Baba. Ina da shaida guda shida da suka rage. Sannan akwai maganar kifi."

"Wane kifi?"

"Wanda ka ce yana da ƙafa. Wata biyu ina riƙe da ita a ciki, ta fi tsakuwar nan damuna."

Ta fara. Mai motar ya zo ya tsaya yana duba agogo, na ce masa ya dawo gobe, yau kotu na zama. Na jawo jarka na zauna a gabanta, ta yi ta zuba har rana ta karkata, ban katse ta ko sau ɗaya ba.