Alamar Lalas a Cinyar Hagu

"Wannan ba dokina ba ne," na ce, ina nuna ƙyallen zanen da sandata.

Nyamdorj mai zane, maƙwabcina a unguwar tantuna da ke bayan Ulaanbaatar, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wata bakwai ke nan yana zana ingarmana, wanda ya mutu shekarar da ƙanƙara ta cinye mini dabbobi ɗari huɗu ta koro ni birni. Ni dai ban mutu ba. Yatsu biyu sanyi ya samu a jikina, ya haƙura.

A zanen ya tsayar da dokin tsakanin dogayen benaye, cikin hayaƙin kwal ɗin da ya gama masa huhu. Launi daidai, geza daidai, amma cinyar hagu babu alamar lalas ta gidanmu. Doki marar alama kuwa na kowa ne. Haka za a rataye shi a gari, baƙi su kalle shi kamar ɓatacce.

Kullum na yi maganar alamar, sai ya ce gobe. Matarsa Dulmaa ta raɗa mini a bakin ƙofa cewa yanzu ko cokali ya fi ƙarfin hannunsa.

Ranar Laraba na same shi kwance, shayinsa mai gishiri ya huce. Ya nuna buroshi da haɓa.

"Baba Luvsan, ai mai doki ke yi wa dokinsa lalas. Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Yaro, na kashe kyarkeci da likkafa tun ba a yaye uwarka ba."

Na ɗauka. Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ƙarfen lalas na sani, da ƙaurin gashi. Wannan abu ba nauyi, sai rawa yake tsakanin yatsuna uku. Na zana alamar: jinjirin wata, ɗigo a ƙarƙashi, yadda kakana ya bar mana. Ya fito a karkace.

"Da na gaske ne da ya harbe ka," in ji shi. Na nemi gyarawa, ya ce in bari, yanzu dokin ya san gida.

Asabar da hantsi Nyamdorj ya cika.

Ranar da mota ta zo ɗaukar zanen, Dulmaa ta bi ta da ludayi tana watsa madara, yadda ake yi wa matafiyi. Na tsaya jikin shinge har hayaƙi ya rufe motar, baƙin fentin yana nan ƙarƙashin farcena.