Gyatsar San Muntaka

Da hantsi ne, ruwan asuba ya ɗauke, rana ta fara zafi, san huɗar maƙwabcinmu Muntaka ya tsinke igiya ya faɗa gonar wake. Kafin a ankara ya ƙoshi da jiƙaƙƙen ganye, cikinsa ya kumbura ta hagu kamar ganga. Shanun Muntaka biyu ne tak, in ɗaya ya faɗi garma ta kwanta. Ya tsaya da wuƙa a hannu, kada san ya mutu mushe.

Malaman sakandaren garinmu biyu suka tsaya da babur. Malam Kamaruddeen na Fiziks ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa.

"Iska ce ta taru ta rasa hanya, tana matse huhu. Wannan darasina ne."

Malam Sama'ilu na Bayoloji ya yi tsaki. "Haba Malam, sa ne fa, ba tayar mota ba! Ƙwayoyin halitta ne a tumbi suke dafa ganyen. Mai rai ba ya shiga lissafinku."

"To ƙwayoyin naka, don suna da rai sai iska ta daina matsi?"

Ni a aji huɗu na tsaya, sai na riƙe igiya kawai ina kallon bakinsu. Liman ya iso, ya saurara kaɗan.

"Iskar da ƙwayoyin, wa ya halicce su?"

"Allah," suka ce tare.

"To shi ke nan." Ya gyara rawani.

San ya fara tangaɗi, harshe a waje. Muntaka ya ce, "Malamai, in yanka ko in jira?"

Malam Kamaruddeen ya duba agogo. "Wannan tambayar Bayoloji ce."

"Yanzu fa ka ce darasinka ne!" in ji Malam Sama'ilu.

Sai ga Inna Furera, gwaggon Muntaka, da kwalbar man gyaɗa.

"Ku matsa, masu biro. Kai ɗan nan, ja shi ya ɗora ƙafafun gaba kan tudun can."

Na ja shi. Ta gitta masa itace a baki, ta yi bismillah, ta ɗura man a hankali, sannan ta shiga murza cikin da gwiwar hannu. Mun daɗe. Can san ya saki gyatsa mai warin da ya sa malaman ja da baya, ya ƙara wata, cikin ya fara saɓewa.

"Kun gani? Iska ta samu hanya!" in ji Malam Kamaruddeen.

"Man ne ya kashe kumfar tumbi, Malam!" in ji Malam Sama'ilu.

"Kun dai ji ta ambaci sunan Allah," in ji Liman.

Muntaka ya mayar da wuƙa kube, ya bi su ukun yana ba su hannu, yana Allah ya ƙara ilimi.

Inna Furera tana gefe tana goge maiƙo da yawun san a ciyawa. Na ɗauko buta na zuba mata ruwa. Ta wanke har gwiwar hannu, ta yarfe, ta nufi gida.