Eriya Ta Sake Gudu

Da Auta ta kwaso mahaifinta, Baba Mai Rediyo, daga tsohon shagonsa ta mayar da shi gidanta a saman bene, har da kyanwarsa aka taho. Eriya ya raɗa mata suna, don in tana murna wutsiyarta miƙewa take tsaye cak kamar mai neman tasha. A shagon ta girma, a kan wata tsohuwar rediyo mai ɗumi take barci, ba ta san wani gida ba bayan ɗan ɗakin da ke bayan shagon.

Auta ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba don mugunta ta raba shi da layinsu ba. Jiri ne ya kayar da shi wata rana a bakin titi, daga nan ta kafa doka cewa ba zai ƙara yin nisa shi kaɗai ba. Ta ba shi ɗaki mai fanka da gado mai laushi, magani kuwa ba ya wuce lokacinsa. In aka tambaye shi lafiya sai ya ce ai shi ya faɗa tsundum cikin daula. To, da wane baki zai ce wa yarinyar da ta yi masa wannan hidima kaɗaici na nema ya kashe shi? Gari na wayewa kowa zai watse, ita asibiti, mijinta ofis, jikoki makaranta, a bar shi yana kallon labule.

Kwanakin farko shi da Eriya ra'ayinsu ɗaya. Ta ƙi ci, tana tafiya ciki a ƙasa, tana shinshina kowane lungu da tuhuma. Wata safiya ma aka neme ta sama ko ƙasa aka rasa. Baba ya ce ai ita kyanwa da wuri take sabawa, ba da mutum ba, tsohon shago ta koma. Auta ta ga yadda hankalinsa ya tashi, ta yarda ya je ya duba, amma ya dawo da wuri.

Ranar bai ga kyanwa ba, amma ya ga duniya. Tun daga kwanar layin ya yi ɗan tarin nan nasa, sai ga Sufana, karen abokinsa mai faci, ya taso a guje, yana kaɗa wutsiya har ƙugunsa na neman ɓallewa. Mai faci ya kakkaɓe masa benci. Suka yi gulmar direbobi, aka kawo masa wata rediyo mai shaƙewa ya buɗe ta da tsinken ashana ya ba ta numfashi. Shagonsa kuwa wani mai wanki da guga ne ya kama, shi ya sa bai ko kalli ƙofar ba. Da ya dawo gida, ya tarar da Eriya cikin kwalin takalma a saman kabad, tana barci abinta. Ashe ko ƙofa ba ta taka ba.

Da Auta ta dawo daga aiki ta tambaya, ya ji bakinsa yana cewa a can ya samo ta.

Ita dai Eriya, mutuniyar banza, ba ta daɗe ba ta ci amanarsa. Ta bi ƙafafun kujeru da bakin ƙofofi tana goga musu kumatu ɗaya bayan ɗaya, wato ta sa hannu ta karɓi gida. Ta gano saman firji akwai ɗumi. Ta gano inda rana ke faɗowa a kan teburin guga, da kuma wanda ya fi sakaci da kifinsa a cikin jikoki. Baba ya dube ta ta baje tana lasar tafin hannu, ya ce mata, “Ke kam ba ki da kishin asali.” Ta lumshe masa ido.

Tun da ita ta ƙi gudu, sai shi ya riƙa gudar da ita. In gida ya yi tsit ya lallaɓa ta da ɗan kifi, ya tura ta cikin kwando mai murfi, su hau bas. Tun daga tasha har tasha take zaginsa da yarenta. A can ya ajiye kwandon a ƙarƙashin bencin mai faci, Sufana ya kwanta ya ɗora haɓa a kan murfin yana gadi, ita kuma ta yi masa huci har ta gaji ta yi barci. Da yamma Baba ya dawo yana girgiza kai, yana cewa Eriya ta sake gudu. Mai faci ya sha gaya masa ramin ƙarya ƙurarre ne, shi kuwa ya ce masa ya ji da tayoyinsa.

Abin da bai lissafa ba shi ne tausayin Auta. Tana tuna babban titin nan na manyan motoci da kyanwar za ta riƙa tsallakawa, tana tuna tsohonta yana bin ta a baya da jirinsa. Ranar da take hutu ta same shi yana shan shayi, ta zauna a gefen gado.

“Baba, tunda can take so, mu daina wahalar da ita. Na yi magana da mai wankin, ya ce zai riƙe ta. Kai ma ka huta da zirga-zirga.”

Baba ya ajiye kofin shayin. In ya yi shiru, an raba shi da Eriya, wadda ke kwana a bayan gwiwarsa tana yi masa gurnanin nan nata na jin daɗi. In ya yi magana, ya tona wa kansa asiri, ya kuma nuna wa 'yarsa cewa duk abin da ta yi bai wadatar ba. Ya ce a bari sai an kwana biyu. Ta ce ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, ta ɗauko kwandon da kanta.

A cikin motarta ya zura yatsa ta ƙofar kwandon, Eriya tana goga masa hanci.

Mai faci yana hango su ya gane ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya tashi da rawar jiki yana ba Auta labarin yadda kyanwar ke zuwa ita kaɗai, wai har tana duba hagu da dama kafin ta tsallaka titi. Da ma shi kaɗai ne a wurin, da wataƙila an sha. Amma shi kare bai iya rufa asiri ba. Sufana ya gama tsallensa a gaban Baba, ya zo ya shinshina kwandon da ke hannun Auta, ya ruga ƙarƙashin benci, ya dawo, ya sake rugawa, yana nuna mata inda aka saba ajiyewa. A wurin ƙasa har ta yi shatin gindin kwando. Auta ta kalli shatin.

Suka shiga shagon. An yi sabon fenti, ko'ina warin sabulu da tururin guga, ga alamar wani muzuru ya riga ya bi bangon ya yi nasa rubutun. Auta ta buɗe murfin. Kyanwar da aka ce ba ta iya kwana biyu ba ta zo nan ba ta leƙo da kai kawai, kunnuwa a kwance, gashin bayanta ya tashi. Da aka fito da ita ta manne da ƙasa, wutsiyar nan mai neman tasha ta shige tsakanin ƙafafu. Ta duba ɗakin da ta girma a ciki, ba ta ga abin da ta sani ba. Sai ta juya, ta kama rigar Baba da farce ta haye, ta cusa kanta a hammatarsa tana karkarwa.

Mai wanki ya ce ko ya kawo mata madara. Auta ta yi masa godiya, ta ce sun fasa.

A waje ta zauna a kan bencin, ta matsa wa Baba wuri. Mai faci ya tuna yana da wata taya can nesa da ke bukatar iska.

“Baba, ita dai ba ta taɓa zuwa nan da ƙafarta ba, ko?”

Ya shafa bayan Eriya, ya ce ba ta taɓa ba.

“To me ya hana ka gaya mini?”

“Kin yi mini komai, Auta. Ina zan kai kunyar in ce miki bai ishe ni ba?”

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza makullin motar a hannunta. Ya ga ƙwalla ta ɗiga a kan zanenta, abin da yake gudu ke nan tun farko. Can ta share ido da bayan hannu, ta tambaye shi wace bas yake hawa, da kuma ko ana samun wurin zama a cikinta. Ya gaya mata.

“Gobe ka haɗiye maganinka kafin ka fito,” in ji ta. “Ita kuma ka bar mini ita a gida, Baba. Baiwar Allah ta sha wahala a kan ciwon da ba nata ba.”