Adashin Ambato

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da shari'a a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta da ke bakin unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi, yayata Tasalla ba ta taɓa tambayar wace ƙofa ce tawa ba. Ranar wata Talata da hantsi ta rufe rumfar atamfarta a kasuwa, ta hau taksi-moto, wato babur ɗin haya, ta faɗo ofishina ba sallama. Ta maka wasu takardu a kan tebur, har kofin shayina ya yi tsalle.

"Karanta," in ji ta.

"Yaya, ina kwana?"

"Ban kwana ba. Karanta, tunda an ce ka iya."

Takardun kotu ne. Yaya tana da gida a can ƙarshen unguwar Yakite, marigayi mijinta ne ya gina. Lokacin rikicin 2014 ta bi ayarin manyan motoci da 'ya'yanta zuwa Kamaru, ta yi shekara takwas a can. Da ta dawo ta tarar da wani mutum a ciki da iyalinsa, ya sake fenti, ya ce shi bai san ta ba. Tun daga nan ake shari'a. Abin da ta kawo mini shi ne hujjojin da lauyan mutumin ya rubuta wa kotu.

A shafi na huɗu lauyan ya jingina da wata maƙala da ta fito a mujallar shari'a ta makarantarmu. Maƙalar tana cewa duk wanda ya bar gidansa shekara bakwai, bai dawo ba kuma bai rubuto yana nema ba, to ya yafe shi, wanda ya zauna ya gyara shi ya fi cancanta. Lauyan ya ce wannan ra'ayi ya karɓu wurin masana, don an ambace shi sau shida a shekara guda. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: cikin masu ambaton har da ƙanin mai ƙara, Dokta Audi Ɗantsoho, wanda ya kira maƙalar "kyakkyawan nazari".

Na cire tabarau na goge, na mayar. Sunana yana nan inda yake.

"Lauyata ta fassara mini," in ji Yaya. "Na ce mata ƙarya ne, Audi ba zai yi ba. Ashe ni ce maƙaryaciyar. Ni na goya ka, Audi. Bayana har yanzu bai miƙe ba saboda girman kanka."

"Yaya, ban karanta maƙalar nan ba."

"Ba ka karanta ba ka ce kyakkyawa ce?"

Ta kwashe mayafinta ta fita, ta bar ƙofar a buɗe don dukan makarantar ta ji abin da ta ci gaba da faɗa a baranda.

Ga yadda na kai kaina nan. Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiyar makarantu ta ɗauko masana su auna mujallun shari'a na yankinmu: a kan me kowace ta fi mayar da hankali, kuma sau nawa wasu marubuta suke ambaton abin da ta buga. Ba su zo Bangi ba. Kwamfuta suka sa ta ƙirga musu. Rahoton ya ce mujallarmu ba ta da alkibla, yau filaye, gobe gado, jibi rikicin 'yan kasuwa, wato daidai abubuwan da suke kai mutanen unguwarmu kotu. Cikin mujallu talatin da ɗaya mu ne na talatin. Ta talatin da ɗayan ta daina fitowa tun shekara shida, editanta ma ya rasu. Ni kuwa, editan tamu, ina raye, kuma da ƙyar na wuce shi.

Darakta ya tara mu ya ce daga yau ba wanda za a ƙara wa girma sai an ambaci rubutunsa aƙalla sau biyar, kuma in mujallar ba ta motsa ba a ƙirga ta gaba za a rufe ta. Mu bakwai ne malamai. Muka fito muka tsaya a inuwa kowa yana zagin kwamfuta. Nan ne wani haziƙi a cikinmu ya tuna yadda mahaifiyarsa take adashi da matan layinsu, ya ce me zai hana mu yi namu. Duk fitowar mujalla, mutum shida su zuba wa mutum ɗaya, kowa ya ambace shi a ƙasan shafin maƙalarsa. Fitowa ta gaba wani ya kwasa. Haziƙin nan ni ne. A al'ada uwar adashi ita ke fara kwasa, amma ni don a san ina da dattaku na sa kaina na ƙarshe.

Tsarin ya tafi sumul. Mai kwasa zai turo maka layinsa a waya, da sunan maƙala da lambar shafi, kai dai ka manna. Layin Luqman, ƙaramin malami a cikinmu kuma marubucin waccan maƙalar, ya zo da "duba kyakkyawan nazarin" a gabansa. Na manna shi a wata maƙala da na rubuta kan kayan da ruwa ya lalata a hanyar Kamaru, inda ba gida ba fili. Zubi shida na yi cif. Wata mai kamawa ne kwasata.

Na sami Luqman a ɗakin malamai yana cin gasasshiyar ayaba. Na ajiye masa shafi na huɗu a kan takardar ayabar.

"Ka san da wannan?"

Ya duba, fuskarsa ta washe. "Kai! Har kotu? Yaya Audi, wannan ai tasiri ne. Irinsa suke nema."

"Gidan yayata ne, Luqman."

"Allah sarki. Amma ra'ayi ne na ilimi, ba da kowa nake ba."

"Ba da kowa kake ba? Uwarka a wace mota ta gudu? Ba mota ɗaya suka hau da Tasalla ba, a kan buhunan mutane? A sansanin da suka zauna akwai ofishin da ake rubuto takardar neman gida? Da wane biro? Zuwa ga wa, alhali kotun ma a rufe take?"

Ya koma harshen Sango, yadda yake yi duk lokacin da Hausa ta matse shi, ya ce wanda ke zaune a gidan shi ma mutum ne, yana da 'ya'ya, ya gyara rufi. Na ce ban musa ba, amma me ya hana shi rubuta cewa wanda aka kora da bindiga ba yafewa ya yi ba? Ya ce ya so ya saka, shafukan ne suka yi yawa, editan ya ce kada a wuce goma sha biyu.

Editan dai ni ne. Nan ma ban karanta ba, shafukan na ƙirga.

"Zan rubuta maka raddi," na ce. "Zan yi kaca-kaca da kai, layi bayan layi."

"Don Allah rubuta," in ji shi, da gaskiyarsa. "Ya zama bakwai ke nan. Kwamfutar ba ta san zagi ba."

Ban taɓa dukan mutum ba tun ina firamare, a can ɗin ma ni aka daka. Na ɗauki takardata da maiƙon ayaba a jikinta na fita.

Lauyar Yaya, Metir Hafiza, ɗalibata ce a da. Ofishinta yana saman wani shagon kayan gini, ana jin ƙarar kwanon rufi duk lokacin da aka sauke. Ta ba ni kujera, ta kira ni Malam, ta saurari shirina na raddi har ƙarshe cikin ladabi.

"Ba zai yi ba, Malam. Za su ce bara da kake masani ka yaba, bana da ka tuna kai ƙane ne ka soka. Alƙaliyar nan tana girmama rubutun malamai. Shida a wurinta shida ne."

"To me zai yi?"

"Gaskiya. Ka rubuta takardar shaida cewa ba ka karanta ba, sauran biyar ɗin ma ba su karanta ba, ka faɗi yadda aka yi. In ta kira ka, ka maimaita da bakinka."

"Hafiza, in na faɗi haka mujallar ta mutu. Mutum shida za su rasa matsayinsu. Ni ko kwasa ban yi ba."

"Na sani." Ta gyara takardun gabanta. "A shekarar farko ka taɓa ba ni sifili don na ambaci hukuncin da ban gani da idona ba. Ka rubuta da jan biro: wannan sata ce da tabarau. Har yanzu takardar tana wurina. In kana so in nemo maka."

Na ce ta bar ta inda take.

Na dawo a ƙafa ta cikin kasuwa, ina fushi da kowa bi da bi. Na yi fushi da masanan da suka auna mu daga nesa kamar masu sayen shanu a hoto. Na yi fushi da Darakta, da Luqman, da lauyan da ya zauna ya bi ƙananan rubutun ƙasan shafi, abin da ko marubutansa ba sa karantawa. Duk wanda na kama sai ya zille ya bar ni da kaina. Na biya ta layin 'yan atamfa. Yaya tana auna wa wata mata yadi, ta gan ni, ta ci gaba da awonta kamar turken lantarki ne ya wuce.

Washegari na rubuta takardar. Shafi biyu ce, kuma ita ce rubutuna na farko da na tabbata wani zai karanta.

Alƙaliyar ta kira ni bayan mako uku. Ta sa na tsaya, ta ce in bayyana wa kotu tsarin. Na bayyana. Ta ce ita ma tana adashi da matan ma'aikatarsu, amma su aƙalla suna duba abin da aka zuba. Aka yi dariya. Ta tambaya ko na san abin da maƙalar ta ƙunsa lokacin da na kira ta kyakkyawa.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Kai ne kuma editan da ya buga ta?"

"Ni ne."

"Kai yaushe ne kwasarka?"

"Wannan watan."

Wannan karon har magatakarda sai da ya ajiye biro don dariya. Lauyan mutumin ya miƙe ya ce ko ba a karanta ba, hujjar maƙalar tana nan. Alƙaliyar ta ce to ya kare ta da bakinsa, ba da mutum shida da ba su san me ke ciki ba. Ya gwada. Metir Hafiza ta tambaye shi ta wace hanya mace da ke sansani a wata ƙasa za ta rubuto wa kotun da ba ta zama. Daga nan aka koma kan takardar filin da mijin Yaya ya bari, wadda Yaya ta ɗaure a ƙugunta tun ranar gudu.

Labari ya riga ni isa makaranta. Darakta ya karɓe mujallar, ya dakatar da ni har sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma mutum uku ne daga cikin waɗanda na zuba wa. A masallacin Juma'a biyu daga cikinsu suka canza sahu. Luqman ya turo mini saƙo cewa ya yafe mini.

Hukunci ya fito bayan wata biyu. Gida na Tasalla ne, an ba mutumin wata uku ya tashi. Ranar da ya kwashe kayansa na raka ta. Matarsa tana kuka a bakin mota, na kau da kai, don ban ga abin murna a nan ba. Yaya ta shiga tana taɓa bango ɗaki bayan ɗaki, har ta iso tsakar gida, inda mutumin ya ja wata katangar bulo ya raba wurin biyu.

"Nan nake shanya," ta ce. Ta daki katangar da tafin hannu. "Ranar Asabar ka zo da guduma."

"Yaya, ni fa malamin shari'a ne."

Ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Har yanzu?"

Na tambaye ta ƙarfe nawa zan zo.