Kiɗan Ba Na Yaya Ba Ne

"Ba zan goge sunansa ba, Mama," in ji Auta, idonta a kan kwamfuta.

Mama na tsaye a bakin ƙofar ɗakin Yaya. Tun da ya rasu a hatsarin mota ba ta ƙara taka cikin ɗakin ba, daga bakin ƙofa take ba da umarni. Auta kuwa nan ta mayar wurin aikinta. A kan teburinsa, tsakanin wayoyin caja da kofin shayin da ba wanda ya iya wankewa, ta haɗa masa shafi a intanet: hotunansa, ɗan tarihinsa, da wurin da abokai za su rubuta ta'aziyya. Abin da ya rage shi ne waƙarsa, wadda za ta riƙa tashi a hankali da zarar an buɗe shafin.

Muryar ta Yaya ce, amma kiɗan na abokinsa ne, Mai Fiyano. Shi ya tsara shi, da sunansa aka yi masa rajista. Shi ne kuma yake tuƙi ranar hatsarin.

Tun kafin yau Auta ta je ta same shi a situdiyonsa, hannunsa ɗaya har yanzu a ɗaure. Bai ce ta zauna ba, ita ma ba ta yi masa sannu ba. Ta ce izinin sa waƙar ta zo nema. Ya ce ta sa, ba ya son komai, a dai rubuta a ƙasa cewa kiɗan nasa ne, don shi ne aiki na ƙarshe da suka yi tare. Ta ce ta yarda.

"Ki sa waƙar, ki cire sunan," in ji Mama. "Ba zan buɗe hoton ɗana in ga sunan wanda ya kai min shi kabari ba."

"Da sharaɗi ya ba ni. In na cire, sata na yi."

Kawu, yayan Mama, ya leƙo daga falo. "Lauyar gidanmu ke nan. Wa zai kai ki ƙara? Yaron da ko ido ba ya iya haɗawa da mu?"

"Don ba zai iya magana ba sai mu kwashe masa, Kawu?"

"To raba su mana, tunda ke ce gwana. Ki zubar da kiɗan, ki bar mana muryar."

"Muryar ita kaɗai tana cikin kwamfutar Yaya. Kwamfutar kuwa ta lalace a cikin motar."

Kawu ya koma falo.

Auta ta juyo ta dubi Mama. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, tausayi ko tsoro, ba ta ji ba. Ta ce hanya biyu ce: waƙa da suna, ko babu waƙa.

Mama ta daɗe tana kallon gadon da aka gyara. "To a bar shafin shiru," ta ce, ta tafi.

Haka shafin ya fita. Mutane suka yi ta shiga, suna rubuta addu'a, wasu na tambayar ina waƙar nan tasa. Auta tana karantawa, tana gyara hoton da ya karkace, ba ta ba kowa amsa. Da safe ta tafi aiki, da yamma ta dawo ta tarar da abincinta a rufe a kicin. Mama ta daina kiranta Auta. In abu ya kama, sai ta ce wa Kawu, "Gaya wa waccan," ko da suna zaune a kujera ɗaya.

Mai Fiyano bai taɓa sanin an yi wannan rigima a kansa ba, balle ya gode. Auta ba ta karya alkawarinta ba. Shafin Yaya ya zauna babu muryarsa, ita kuma uwarta ba ta yi mata magana.