Muryar Margaret a Bakin Tafki

Rana ta take a Chanchaga, ruwan tafkin kifin Baba Shekwolo ya kwanta lamo kamar man gyaɗa a faranti. Mubina na zaune a gindin mangwaro, kwamfuta a cinya, barci na fizgarta. Bara ita ta haɗa masa na'urar da ke gadin tafkin, ga shi yau karfasa goma sha biyu sun taso ciki sama.

Ayyuka uku ke gudana a na'urar, masu sana'ar na kiran kowanne zare. Ɗaya na auna iskar cikin ruwa, ɗaya na kunna famfon iska, na ukun kuwa muryar Margaret ce, matar Baba, da aka naɗa tana cewa kifi na neman iska. Ƙwaƙwalwar na'urar ɗaya tak, dole a bi layi, wanda aka ba fifiko shi ke fara shiga.

Da Margaret ta rasu da damina, Baba ya roƙi a sa muryarta gaba da komai. Mubina ta san sarai bai dace ba, amma wa ke iya musa wa tsoho mai makoki? Ta ɗaga zaren muryar sama.

Cikin gyangyaɗi ta ga zarurrukan sun zama mata a layin ɗiban ruwa. Margaret na kan gaba, sanye da shuɗin zanenta, tana kiran mijinta a hankali, ba ta gajiya. Mai kunna iska na bayanta, hannu a miƙe, layi ya ƙi zuwa kanta. Kifaye na iyo tsakanin ganyen mangwaro.

Ta farka da nauyin zuciya, ta gaya wa Baba gaskiya. In iska ta ragu, muryar sai ta yi ta maimaita kanta, famfo na jira har kifi ya galabaita. In aka mai da muryar baya, famfo zai riga ta, kuma ba za ta ƙara samun dalilin kiransa ba.

Baba ya daɗe yana kallon ruwan. Ashe kullum da azahar a nan yake zama, yana jiran iska ta ragu don ya ji muryarta.

"Mai da ta baya, 'yata. Kifinta ne."

Mubina ta canza lamba ɗaya. Famfo ya tashi, ruwa ya fara ɓulɓula. Baba ya gyara zama, ya karkata kunne wajen lasifikar duk da haka, har la'asar ta yi.