Jiƙaƙƙen Buhu a Kafar Iska

Tun daga bakin ƙofar ɗakin wuta ta ga launin garwashin, ta san an sake toshewa. Kwal ɗin yana ci a kasalance, ja-ja kamar idon mai zazzaɓi. Ta leƙa bayan tukunyar tururin da ke ba kamfanin wankin ruwan zafi. Ga jiƙaƙƙen buhun nan an cusa a kafar da iska ke shigowa.

Mahaifinta, wanda yake zuba kwal a nan tun kafin a haife ta, yana kan bencinsa, ya ɗaure kai da tsumma.

"Baba, kan ne kuma?"

"Ɗan kaɗan. Shayi zai sauke shi."

Dogo, abokin aikinsa, ya jingina da shebur yana murmushi. "Injiniya ta iso. Kowa ya buɗe littafi."

Ta yi bayanin nan har ya gundure ta ita kanta. Kwal idan ya samu isasshiyar iska sai ya ci fes, hayaƙin ya bi bututu ya tafi. Idan aka shaƙe shi kuwa ba mutuwa yake ba, ci yake rabi-rabi, yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda jini ke karɓa hannu bibbiyu. Ta gaya wa manaja, ya ce zai duba. Ta gaya wa Inna, ta ce ai da ciwon kai aka san babanki. Kowa ya saba, kuma wannan sabo ne ke cin mahaifinta a zaune.

"Baba, jiya a matakala sai da ka dafa bango. Na gan ka."

"Tsufa ne, 'yar nan."

"Dogo da ya yi amai fa, shi ma tsufan ne?"

Dogo ya sunkuya yana gyaran kwal ɗin da ba ya bukatar gyara.

Ta fizge buhun. Iska ta kutso, garwashi ya farka, wuta ta miƙe da haske. Sanyin ya doki bayan Baba kai tsaye. Ya ɗan gantsare, ya kai hannu ƙugu, inda ciwo ya daɗe da zama.

"To a matsar da bencin mana," ta ce.

"Daga nan kaɗai nake ganin allurar ma'aunin tururi," ya ce a hankali.

Ta cire rigar aikinta mai kauri, ta yafa masa, ta ɗaure hannuwan rigar a ƙirjinsa. Ta fita da buhun yana ɗiga a takalminta. A hanya ta wuce sito, inda buhunan da aka juye suke jibge har kusan rufi. Ta daɗe tana kallonsu: tana juya baya, za a ɗauko wani a sake cusawa.

Sai ta dawo, ta kife bokiti kusa da kafar iskar, ta zauna.

"Ba ki da aiki a sama ne?"

"Akwai, Baba. Sha shayinka."